Filin Amsa Tambayoyi: Izinin Jan Kayan da Ya Wuce Ƙa'ida a Jihohin Amurka

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a gabana wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. 'Yan'uwanmu masu tuƙin manyan motoci a Amurka, da yawansu sun gaji da jan tirelar akwati, ido ya koma kan katafila da taransfoma da manyan ƙarafan gada, inda kuɗin dako ya fi tsoka. Na ja irin wannan kaya kafin in dawo ofis, inda yanzu aikina shi ne nema wa motoci izini daga jiha zuwa jiha. Don haka na zaɓo wasiƙu shida, zan amsa su gwargwadon abin da na sani.

Tambaya: Yaya, ina da lasisin tuƙin manyan motoci na CDL ajin A, ina jan tirelar akwati a jihar Ohayo. Wani mai kamfani ya ce in dawo wurinsa in riƙa jan katafila da taransfoma. Wane ofishin gwamnatin tarayya ake zuwa a karɓi izinin da zai ba ni damar shiga ko'ina a ƙasar da irin wannan kaya, kuma nawa ne? Daga ƙaninka, Ohayo.

Amsa: Ƙanena, Allah Ya sa alheri a sabon wurin. Ofishin da kake nema babu shi. Gwamnatin tarayya ba ta ba kowa izinin ɗaukar kayan da ya wuce ƙa'ida, iyaka kawai ta gindaya. A kan manyan titunanta da ake kira Interstate, mota da kayanta gaba ɗaya ba za su haura fam 80,000 ba, wato kusan tan 36. Aksil ɗaya, wato sandar da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, fam 20,000, aksil biyu da ke maƙwabtaka fam 34,000. Faɗi kuma inci 102, ƙafa takwas da rabi ke nan. Waɗannan lambobi ba rana ɗaya aka kafa su ba. Dokar 1956 da ta haifi titunan Interstate ta tsaya ne a fam 73,280 da faɗin inci 96. Gyaran da majalisa ta yi a 1974 ya ɗaga nauyin zuwa 80,000, sannan dokar 1982 ta tilasta wa jihohin da suka ƙi binsa su bi, ta kuma kawo faɗin inci 102.

Da zarar kayanka ya wuce wannan iyaka, magana ta koma hannun jiha. Kowace jiha da ofishinta, da kuɗinta, da sharuɗɗanta, kuma izinin Ohayo ba ya ƙetare iyakar Ohayo ko da taku ɗaya. In za ka ɗauki eskabeta daga Ohayo zuwa Tekzas, ka ƙirga jihohin da tayarka za ta taka, yawan takardun da za ka nema ke nan. Ba a nan abin ya tsaya ba. Izinin jiha na titunan jiha ne. Guntun titin nan na ƙarshe da zai kai ka ƙofar ma'aikatar da za ka sauke kaya sau da yawa na gunduma ne ko na birni, kuma su ma suna da nasu izinin. Titunan da ake biyan kuɗin shiga, irin babban titin Fensilbaniya ko na Ohayo, hukumominsu daban ne. Birnin Niyok ma kansa yana ba da nasa izinin, ban da na jihar.

Ka lura ban ambaci tsayi ba, wato daga ƙasa zuwa saman kaya. Tarayya ba ta sa masa iyaka ba sam. Yawancin jihohin gabas sun tsaya a ƙafa 13 da inci 6, da yawa daga na yamma, irin Tekzas da Kalifoniya, ƙafa 14. Saboda haka kaya mai ƙafa 13 da inci 10 zai fito daga Tekzas ba ya buƙatar kowace takarda, ya iso Tenesi ko Ohayo ya zama kayan izini. Sababbin shiga da yawa a nan suke faɗawa.

Batun kuɗi, ba zan iya ba ka lamba ɗaya ba, domin kowa da tsarinsa. Kalifoniya na karɓar dala 16 a izinin tafiya ɗaya, dala 90 na shekara. Wasu jihohin suna lissafi ne da nauyin da ya haura ƙa'ida da kuma mil nawa za ka yi a titinsu, sai ka ga kuɗin ya kai ɗaruruwa. Yawancinsu yanzu ta intanet ake nema, Tekzas na da tsarin da take kira TxPROS wanda yake zana maka hanya da kansa. Za a tambaye ka lambar mota da ta tirela, mene ne kayan, faɗinsa da tsayinsa da tsawonsa, nauyin da ke kan kowane aksil, tazarar da ke tsakanin aksil da aksil, inda za ka tashi da inda za ka sauka. Abin da ka rubuta shi za a buga a takarda, kuma shi jami'in sikeli zai auna ka da shi.

Shawarata gare ka ita ce kada ka yarda a nema maka izini da awon da mai kaya ya faɗa ta waya. Mai kaya yakan duba littafin injin ne ya karanto maka. Littafin bai san kaurin katakon da aka sa a ƙarƙashi ba, bai san hannun eskabetar bai kwanta sosai ba, bai san bututun mai da ya lanƙwaso sama da inci uku ba. Bayan an ɗora an ɗaure, ka tsayar da motar a wuri mai daidai, jakunkunan iskar da ke ɗauke da tirela su cika, ka ɗauko sandar awo ka nemo wuri mafi tsayi da kanka. Lasisinka na ajin A ya isa, babu wani ƙarin tambari na tarayya da ake nema don wannan aiki. Abin da za ka ƙara shi ne sandar awo da haƙurin karanta takarda.

Tambaya: Malam, an ci ni tara a sikelin gwamnati alhali motata da kayanta fam 77,000 ne, ban kai 80,000 ba. Jami'in ya ce bayan tirelata ya yi nauyi. Wannan ba zalunci ba ne? Daga mai mota, Indiyana.

Amsa: Alhaji, na san abin da zafi, amma jami'in bai zalunce ka ba. Fam 80,000 ɗin nan ɗaya ce daga cikin iyakoki uku, kuma dole ka cika su ukun a lokaci guda. Mota mai aksil biyar yawanci haka ake raba mata kaya: 12,000 a tayoyin gaba, 34,000 a tagwayen aksil na kan mota, 34,000 a tagwayen bayan tirela. In masu lodi suka tura kayan baya, sai tagwayen baya su ɗauki 37,000 na kai su ɗauki 28,000. Jimilla lafiya lau, amma ka karya doka da fam 3,000.

Dalilin da ya sa suke tsanantawa a kan aksil ya samo asali ne daga wani babban gwaji da aka yi a Ottawa ta jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960. An shimfiɗa tituna na musamman, aka sa motoci masu nauyi iri-iri suna ta zagaya su dare da rana, ana auna lalacewa. Abin da aka gano shi ne ɓarnar da aksil ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinsa, ninkuwa take yi. In ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki 16. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari kawai yana jawo ƙarin ɓarna da ya doshi rabi. Ka ga abin da kake gani ɗan ƙari ne, ga injiniyan titi ba ƙaramin abu ba ne.

Iyaka ta uku ita ce lissafin gada, wanda ya fara aiki a 1975. Shi ba ruwansa da kwalta, gada yake karewa. Ka ɗauki katakon da aka gitta a kan rami: mutum uku in suka taru a tsakiyarsa zai iya karyewa, in suka warwatsu zai ɗauke su. Lissafin yana duba yawan aksil da tazarar da ke tsakaninsu. Aksil biyar da ke da tazarar ƙafa 51 daga na farko zuwa na ƙarshe suna samun 80,000 cif. Aksil biyar ɗin nan in aka matse su cikin ƙafa 40, abin da aka yarda musu 73,000 ne kawai. Shi ya sa za ka ga masu tirelar shimfiɗa suna son aksil biyu masu tazarar ƙafa goma, domin a haka kowanne yana cin gashin kansa, su biyun su ɗauki 40,000.

Maganin abin da ya same ka mai sauƙi ne. Da ka fito daga wurin lodi, kafin ka kai sikelin gwamnati, ka hau sikelin kasuwa irin na CAT Scale da ke tashoshin manyan motoci. Takardar da za su ba ka tana nuna nauyin gaba da na tsakiya da na baya daban-daban. In baya ya yi nauyi, ka zare makullin tagwayen aksil ka matsar da su baya, kowane ramin makulli da ka matsa yakan mayar da fam ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari huɗu kan mota. Sai dai ka san jihar da za ka shiga, domin Kalifoniya ba ta yarda tazarar da ke tsakanin ƙusar haɗin tirela da aksil na ƙarshe ta wuce ƙafa 40 ba. Ka kuma tuna da man da za ka sha a gaba, galan ɗaya na gas ya kai fam bakwai. In matsarwar ba ta gyara ba, ka koma wurin masu lodi su sake jera kayan. Za su yi gunaguni, amma tarar sunanka take ɗauka.

Tambaya: Ɗan'uwa, wani dillali ya ba ni lodin naɗaɗɗen ƙarfe guda biyu, jimilla za ta kai fam 92,000. Ya ce in sayi izinin nauyi kawai in wuce. Haka ne? Daga direba, Jojiya.

Amsa: Ɗan'uwana, kada ka ɗauka. Izinin nauyi na yau da kullum an yi shi ne don kayan da ba ya rabuwa. Dokar tarayya ta fayyace abin da take nufi: kayan da in an raba shi zai daina yin aikin da aka yi shi dominsa, ko darajarsa ta lalace, ko kuma kwance shi zai ci fiye da awa takwas na aiki da kayan aikin da suka dace. Taransfoma ɗaya ta shiga wannan. Ƙarfen gada ɗaya mai tsawon ƙafa 120 ya shiga. Naɗaɗɗen ƙarfe biyu kuwa, ko yaro ya san ana sauke ɗaya a bar ɗaya. Mota biyu ake nema, dillalin yana so ne ya biya ɗaya.

Wannan ƙa'ida tana bin faɗi da tsayi ma. Tanki biyu da ka jera gefe da gefe suka wuce ƙafa takwas da rabi ba za su samu izinin faɗi ba, za a ce ka jera su gaba da baya. Inda ake samun saɓani shi ne kayan da ke jikin inji, kamar cokalin eskabeta ko faifan gaban katafila. Wata jiha takan yarda ka cire shi ka ɗora a tirela ɗaya da injin, wata ta ce tunda ya ciru, ya hau wata mota. Wannan sai ka duba littafin izinin jihar da kanta.

Gaskiya ne akwai wuraren da kayan da ke rabuwa ke haura 80,000 bisa doka, kuma a nan dillalai ke samun abin ruɗa mutane. Jihohin da suke da iyaka mafi girma tun kafin dokar 1956 an bar musu abinsu. Mishigan ce ta fi shahara, can za ka ga mota mai aksil 11 ɗauke da fam 164,000, kuma ba ta karya doka ba, kuma in aka raba nauyin kan aksil ɗin daidai, rabon kowanne bai kai na motarka ba. Dokar 2015 ta ba jihohi damar ɗaukar ɗanyar madara a matsayin kayan da ba ya rabuwa. Dokar 2012 ta yarda a ba da izini na musamman ga kayan agaji in shugaban ƙasa ya ayyana babban bala'i, na tsawon kwana 120. Wasu jihohin kuma suna da izinin shekara na katako ko amfanin gona a kan wasu titunansu. Kowanne daga cikin waɗannan yana da sunan kayansa da titunansa a rubuce. Ka ce wa dillalin ya aiko maka da sunan izinin da yake nufi da jihar da ke ba da shi. In ya fara kame-kame, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambaya: Yaya, ni mace ce, ina da ƙaramar mota ƙirar a-kori-kura. Ina son in shiga aikin motar rakiya, masu tafiya gaban manyan kaya da fitila mai walƙiya. An ce aiki ne mai sauƙi, tuƙi ne kawai. Me ake buƙata? Daga 'yar'uwarka, Tekzas.

Amsa: 'Yar'uwa, na yi murna da wannan wasiƙa, domin aikin yana buƙatar mutane masu natsuwa. Amma wanda ya ce miki tuƙi ne kawai bai taɓa zama a kujerar babbar motar da ke bayanki ba. Direban da ke jan kaya mai faɗin ƙafa 14 ba ya ganin komai a madubinsa sai kayan. Ke ce idonsa.

Kayan aikin sanannu ne: allo mai rubutun OVERSIZE LOAD da baƙin rubutu a kan ruwan ɗorawa, fitila mai walƙiya a saman mota, jajayen tutoci, rediyon magana da direba, riga mai ƙyalli, allon tsayar da motoci na hannu, abin kashe gobara, da inshora ta kasuwanci. Jihohi da dama, kamar Washintan, Yuta, Kolorado, Filorida da Niyok, sai kin yi kwas kin samu shaidar ƙwarewa, wasu suna karɓar shaidar juna, wasu sai tasu. A jihohi da yawa ana fara neman rakiya ne in faɗin kaya ya haura ƙafa 12. A titi mai layi biyu kina gaba kina gargaɗin masu tahowa, a babban titi mai layuka da yawa kina baya kina tsare masu son wucewa. In kayan ya yi girma sosai akan nemi biyu, gaba da baya, wani lokacin har da 'yan sanda.

Sai kuma sandar tsayi, wadda ita ce zuciyar aikin. Ana kafa ta a gaban motarki, a ɗaga ta ta fi kayan da kamar inci shida. In ta taɓa gada ko waya, ke ce za ki yi ihu a rediyo, kuma dole ki kasance da tazarar da za ta ishi babbar mota ta tsaya.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru ranar 23 ga Mayu, 2013, a gadar kogin Skagit da ke kan titin Interstate 5, kusa da garin Mount Vernon a jihar Washintan. Wata mota ta taso daga Kanada ɗauke da wani babban akwatin ƙarfe na aikin haƙar mai. Tana da izinin jiha, tana da motar rakiya a gaba mai sandar tsayi. A takarda komai ya cika. Gadar tsohuwa ce ta 1955, irin mai ƙarafa a sama, kuma ƙarafan nan na sama a lanƙwashe suke: a tsakiya sun yi sama, a gefe sun sauko. A layin hagu kayan zai wuce lafiya. Motar tana layin dama. Daidai lokacin wata babbar mota ta zo tana wuce ta ta hagu, babu wurin kaucewa. Kusurwar kayan ta daki ƙarafan saman, wani ɓangare na gadar ya rufta cikin kogi, motoci biyu suka faɗa ruwa da mutum uku a ciki. Allah Ya kiyaye, an ceto su duka da rai. Babbar hanyar da ta haɗa Siyatil da Bankuba ta yanke kusan wata guda kafin a kafa gadar wucin gadi.

Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NTSB, ta bi diddigin abin. Ta gano mai motar rakiyar tana kan waya tana hira lokacin da ta shiga gadar, ba ta sanar da direba komai ba. Kamfanin da direban ba su binciki hanyar yadda ya kamata ba, ba su san akwai layin da dole a bi a wannan gada ba. Ita ma jihar hukumar ta ɗora mata nata laifin, domin ta ba da izinin ba tare da ta gwada tsayin kayan da gadojin hanyar ba, kuma babu allon gargaɗi a bakin gadar. Direba ya dogara da rakiya, rakiya ta dogara da sanda, kamfani ya dogara da takarda, takardar kuma a jikinta an rubuta cewa alhakin duba tsayin gadoji na mai mota ne. Wannan jimlar tana cikin izinin jihohi da yawa har yau, a ƙasa, da ƙananan haruffa, kuma ina roƙon duk mai wannan sana'a ya nemo ta ya karanta.

Don haka in kin shiga, ki sa wa kanki doka: wayarki a kashe take muddin kaya na tafiya. Kafin a tashi ki zauna da direba ku bi izinin layi-layi, ku san gadojin da ke gaba, ku yanke wane layi za a bi a kowace, da kalmar da za ki faɗa in sanda ta taɓa. Ki auna kayan da idonki kafin ki ɗaure sandarki. In kika yi haka direbobi da kansu za su riƙa neman lambarki.

Tambaya: Malam, maigidana ya tafi da kaya ranar Talata a makon bikin godiya na Amurka, wato Thanksgiving, ya ce zai dawo Alhamis, sai ga shi ya kwana huɗu a tashar motoci bai motsa ba. Ya ce doka ce ta hana shi. Akwai irin wannan doka? Daga uwargida, Minesota.

Amsa: Hajiya, akwai ta, gaskiya ya faɗa miki. Kaya mai faɗi ko tsayi a yawancin jihohi da rana kawai yake tafiya, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, kuma a ƙarshen Nuwamba ranar gajeriya ce. Manyan birane suna hana shi shiga lokacin cunkoson safe da na yamma. A manyan bukukuwa, wato sabuwar shekara, ranar tunawa da sojoji a Mayu, 4 ga Yuli, ranar ma'aikata a Satumba, Thanksgiving da Kirsimeti, jihohi da dama suna tsayar da shi, wasu tun daga tsakar ranar jajibiri, wasu har ƙarshen mako. In aka yi hazo ko dusar ƙanƙara ko iska mai ƙarfi, nan ma dole ya faka.

Ki shirya wa wani jinkirin a ƙarshen hunturu. Lokacin da ƙanƙarar da ke ƙarƙashin titi ta fara narkewa daga sama, ruwan ba ya samun hanyar nutsewa, ƙasar da ke riƙe da kwalta sai ta yi laushi. Minesota da Wiskonsin da Mishigan da maƙwabtansu sukan rage nauyin da aka yarda a wasu titunan har ƙasa ta bushe. Mishigan takan rage kashi 25 cikin ɗari a titin kankare, kashi 35 a na kwalta. Ki ce masa ya riƙa sa waɗannan kwanaki cikin lissafinsa lokacin da yake yanka kuɗin dako.

Tambaya: Yaya, in ina tafe da izini na tarar an rufe titin da aka rubuta mini saboda gyara, zan iya bin hanyar da na'urar nuna hanya ta ba ni in dawo kan titin a gaba? Daga direba, Oklahoma.

Amsa: Ƙanena, a'a. Ka samu wuri mai faɗi ka faka, ka kunna fitilunka, ka kira ofishin izinin jihar ko wanda ya nema maka, su gyara takardar. Ko da masu gyaran titi sun kafa allon da ke nuna wa motoci hanyar zagaye, wannan hanyar an zaɓe ta ne don motoci masu nauyi da tsayin ƙa'ida. Ba wanda ya gwada ta da kayanka.

Ta fuskar doka, izini yana aiki ne a kan motar da aka rubuta, da kayan da aka rubuta, a titin da aka rubuta, cikin kwanakin da aka rubuta. In ka sauka daga hanyar, jihohi da yawa suna ɗaukar izinin a matsayin ya mutu. Sai a yi maka lissafin tara kamar ba ka da takarda, wato daga 80,000 zuwa nauyin da kake ɗauke da shi. Mai nauyin fam 130,000 zai biya tara a kan rarar nauyin fam 50,000, kuma motar ba za ta motsa ba sai an samo sabon izini. In kayan naka ya kai matakin da ake kira babban lodi na musamman, abin ya fi haka tsanani, domin injiniyoyi ne suka zauna suka lissafa gadojin hanyar ɗaya bayan ɗaya kafin a sa hannu. Matakin ma ya bambanta: a Ohayo daga fam 120,000 yake farawa, a Fensilbaniya 201,000, a Tekzas 254,300.

Abin da ya fi tara ba ni tsoro a hanyar da ba a bincika ba shi ne mashigar layin dogo. Tirela mai kwanciya ƙasa, wadda ake ɗora katafila, cikinta bai fi 'yan inci daga kwalta ba. Mashiga mai tudu takan riƙe ta a tsakiya, tayoyin mota su yi ta juyawa ba gaba ba baya. Ranar 18 ga Disamba, 2024, a garin Pekos na Tekzas, jirgin kaya ya daki tirela mai ɗauke da babban kaya a kan mashiga cikin gari, ma'aikatan jirgin biyu suka rasu. Jirgin kaya mai gudu yakan ci mil guda ko fiye kafin ya tsaya.

In har ka maƙale a kan dogo, ka fita daga motar nan take, kada ka tsaya gwada giya. A jikin sandar mashigar akwai ƙaramin allo shuɗi mai lambar waya da lambar mashigar. Wannan lambar kai tsaye take shiga ofishin da ke ba jiragen layin umarni, su ne masu iya tsayar da jirgi. Ita za ka fara kira, ka karanto musu lambar mashigar, sannan ka kira lambar gaggawa ta 911, sannan mai motarka.